Ana kiransa Uban Marayu a TikTok, mu kuwa a gida ya manta da mu

Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, ina roƙon a sakaya sunana. Shekararmu tara da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maigidana manomi ne, idan kaka ta yi kuma yakan sayi riɗi da zoɓo a ƙananan kasuwanni ya kai wa dillalai. A da mutum ne mai kunya, ko a majalisa ba a cika jin muryarsa ba. Bara waccan ya sayi babbar waya ya fara ɗora bidiyon gona a TikTok, yadda ake yankan riɗi da yadda ake kakkaɓe shi, ni ma har daɗi nake ji. Wata rana ya ɗauki kansa yana ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu kwanon gero. Bidiyon ya yi tashe, aka yi ta sa masa albarka, wasu har kuɗi suka turo. Anti, tun daga ranar ban sake gane kan mijina ba.

Yanzu Uban Marayu ake ce masa, mabiyansa sun haura dubu 40. A gabana ya sa tsohuwar nan ta karɓi gero sau uku: ta durƙusa ta yi addu'a, ya ce a sake, rana ta kashe hoton, ta sake, ya ce muryarta ba ta fito ba. Da damina 'yarmu ta tsakiya ta kwanta asibiti da zazzaɓin cizon sauro, ana yi mata ƙarin ruwa. Ya zo ya tsaya a kanta yana ɗaukar bidiyo yana share hawaye, ya fita neman sabis, bai dawo ba sai dare. Yayana ne ya biya kuɗin magani. Data da ɗinkin shadda ba sa yankewa, kuɗin cefane kuwa sai na yi ta bi. Da na yi magana sai ya hau laif da daddare yana cewa akwai matan da ba sa son ci gaban mazajensu, shi dai haƙuri yake yi saboda Allah. Bai kama sunana ba, amma duk garin an san da wa yake. Mutanen da ba su taɓa ganina ba suna ce mini mahassadiya, shi kuma ya zo yana karanta mini, wai ni kaɗai ce ban san darajarsa ba. Idan na ƙi ba shi haƙuri sai ya ɗauki gaba, ya daina cin abincina. Sau biyu kuma ya sa an turo kuɗin marayu ta akawun ɗina, ban san yadda aka yi da su ba.

Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa murna take ɗanta ya yi suna. Ƙanwata da ke karatu a Dutse ta ce wannan ciwon son kai ne da likitoci suka sani, ba ya warkewa, in rabu da shi kawai. Wani lokaci ina ji kamar in fasa wayar, ko in buɗe nawa shafin in tona gaskiya, ko in yi yaji. Ina son mijina, Anti. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa yarinya lafiya, ya saka wa yayanki da alheri. Wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki shi ne gadon asibitin nan. Uwa tana zaune tana kallon ruwa yana ɗiga a jijiyar 'yarta, uban ya shigo, tana zaton sauƙi ya zo mata, ashe 'yan kallo ya kawo. Duk matar da aka yi wa haka dole zuciyarta ta yi ciwo. Ki cire maganar hassada daga ranki. Mai hassada ba za ta ji daɗin bidiyon riɗi ba, ke kuwa kin ji. Abin da kike nema ci da sha ne, da maganin 'ya'yanki, da rufin asirin ɗakinki, waɗannan kuwa haƙƙinki ne tun ranar da aka shafa fatiha.

Ya kamata ki san da me kike kokawa. Mutum ne da ya yi shekaru rana tana dukansa a gona, ba wanda ya taɓa ce masa sannu a bainar jama'a, don a ƙauye kowa manomi ne. Rana ɗaya sai ga mutane daga Kano da Legas da Saudiyya suna cewa Allah ya yi irinsa da yawa. A da, mai son a wasa shi sai ya jira biki ko sallah, maroƙi ya kambama shi, ya ba da abin da zai bayar, a watse, ya koma gida ya zama shi ne dai wanda aka sani. Wayar nan maroƙi ce mai kwana a aljihu, ba ta jiran biki. Kuma da gangan aka gina ta haka. Facebook ya kawo laik a 2009, a 2017 kuma Sean Parker, wanda ya fara riƙe kujerar shugaban kamfanin, ya faɗa da bakinsa cewa an tsara abin ne yadda kowane laik ko sharhi zai ba mutum ɗan daɗi a ƙwaƙwalwa, don ya dawo ya sake ɗora wani. TikTok kuwa yana lura da abin da mutane suka fi tsayawa kallo, ya ƙara tura shi gaba. Hawaye ya fi kakkaɓar riɗi tsayar da mai kallo. Maigidanki ya gwada duka biyun, ya ga wanda ya fi tara jama'a. Haka aka tashi daga gona aka zo kan tsohuwa, daga tsohuwa aka zo gadon 'yarki, daga nan aka shigo ɗakinki. Wannan ba uzuri ba ne a gare shi, baligi ne mai hankali. Amma idan ba a taka birki ba, gobe sai an nemi abin da ya fi na jiya taɓa zuciya.

Maganar ƙanwarki akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi gaggawa. Lallai likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata larura wadda mai ita yake ganin ya fi kowa, yake ƙishirwar yabo ba iyaka, kuma ba ya jin zafin da wani yake ji. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta a kundinta tun 1980, alamominta 9 ne, sai an samu aƙalla 5 a ce mutum yana da ita. Amma akwai sharaɗin da masu yaɗa zancen a intanet suke tsallakewa: sai halin ya kasance tare da mutum tun farkon girmansa, yana fita a gida da kasuwa da cikin abokai. Ke kuwa kin yi wajen shekara bakwai da mutum mai kunya. Shi ya sa na fi karkata ga cewa hali ne ya koya, waya ta rura shi, abin da aka koya kuwa ana iya barinsa. Likita ne kaɗai yake yanke wancan hukunci bayan ya zauna da mutum, don haka kada ki kashe aurenki a kan sunan ciwon da ba a tabbatar ba, kada kuma ki jefa masa shi a fuska ranar faɗa. Ki dai sa ido. Idan yana kwana biyu uku ba barci ba gajiya, magana ba tsayawa, yana sayar da kadara ba lissafi, yana cewa aiko shi aka yi ya ceci al'umma, ko kika ga alamar ƙwaya, abin ya wuce nasiha, 'yan uwansa su kai shi ya ga likita. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau, akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano.

Malamanmu ba baƙin wannan hali ba ne. Duk wanda ya biya Ahalari a gaban malam ya bi ta wurin da aka jero abubuwan da suka haramta ga baligi, ciki har da girman kai da jiji da kai da riya da jiyarwa da ganin fifiko a kan wani. Amma a nan nake so ki yi hattara, don a nan mata da yawa suke faɗuwa a irin wannan rigima. Kada ki ce masa riya yake yi. Riya a zuciya take, ba ki da hujjar da za ki kafa, shi kuma amsarsa a shirye take: aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, kuma ga shi saboda bidiyonsa wasu suna turo taimako. Ba zai ƙarasa ayar ba, inda aka ce ɓoyewa ya fi alheri. Jama'a za su ba shi gaskiya, ki koma mai hana ruwa gudu. Ki bar masa zuciyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ki riƙe abin da ido ya gani. Tsohuwa ta durƙusa sau uku saboda kwanon gero, an gani. Aya ta 264 a wannan surar ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, wannan kuwa cutarwa ce tsagwaronta. Sa'ar kakarsa ce, yunwa ce ta hana ta cewa a'a, jikokinta kuma za su girma su tarar da hoton talaucinta a wayoyin mutane. Abin nan yana ƙona mini rai. Haka laif ɗin da ya yi a kanki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kakkausan gargaɗi ga mijin da yake yaɗa sirrin da ke tsakaninsa da matarsa, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Rashin kama suna ba ya wanke shi. A garin da kowa ya san kowa, idan mai mata ɗaya ya ce wasu matan, ya gama faɗar suna.

Fasa waya ba zai fasa shafin ba. Gobe zai ranci kuɗi ya sayo wata, bidiyon farko da zai ɗora kuwa na fasasshiyar waya ne, ke ce azzalumar labarin. Buɗe naki shafin shi ne na fi ji miki tsoro. Na san abin da kike hange: a ji ta bakinki sau ɗaya, a san wanda ya biya kuɗin magani. Amma mutanen nan 'yan kallo ne, ba alƙalai ba. Wasu za su koma bayanki, wasu su tsaya bayansa, masu shafukan tsegumi su yanki muryarki su haɗa da tasa su ci kasuwarsu, mako na zagayowa su koma kan wani gidan. Ku kuwa a garin za ku ci gaba da zama, rijiya ɗaya, masallaci ɗaya. Abin da aka ɗora ba ya dawowa, ko kin goge wani ya riga ya sauke, 'yarki kuma wata rana za ta kai munzalin aure. Ki daina karanta sharhinsu gaba ɗaya. Mai turo miki da sunan kin ga abin da aka ce, ki roƙe ta ta daina. Idan shi ya fara karanta miki, ki tashi cikin ladabi ki kama wani aiki, ba dole ba ne ki zauna a zage ki ta bakin mijinki.

Abin da za ki nema ya zama kaɗan, wanda ana iya gani an yi ko ba a yi ba. Idan kika ce ya canza hali ko ya bar TikTok, kin ba shi filin musu har asuba, kuma kin nemi ya rabu da wurin da ya fara jin shi ma wani ne. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, waya tana wurin mai caji. Ki ce masa: "Malam, ban hana ka abin da kake yi ba, ina ma alfahari da bidiyon gonar nan. Abu uku nake roƙo. Maganar ɗakinmu kada ta sake hawa waya, ko da habaici. Yaran nan kada a sake ɗaukarsu suna ciwo ko suna kuka. Abinci da magani a fara fitar da su kafin data." Ki tsaya nan. Kada ki tono na bara, kada ki biye masa idan ya karkata zancen zuwa hassada. Idan ya ce dubu 40 suna ƙaunarsa, ki ce Allah ya ƙara, ki maimaita roƙonki. Wanda wannan hali ya kama, yabo da faɗa kusan ɗaya ne a wurinsa, in dai shi ne a tsakiyar zance. Murya a kwance da gajeriyar magana su ne suke hana shi abin kamawa.

Maganar akawun ba ta cikin abin roƙo, yanke ta za ki yi. Kuɗin marayu amana ne, banki kuma sunanki ya sani, BVN ɗinki ne a jiki. Ranar da wani mai turowa ya tashi bin bahasi, takardar da za a buga sunanki za ta nuna. Ki canza lambar sirri, ki ajiye bayanin shigar kuɗin da fitarsu, yayanki ya zama shaida, sannan ki faɗa wa maigidan a tsanake cewa kina tsoron haƙƙin maraya. Ban ce ya ci ba, mai yiwuwa ya raba har da ƙari daga aljihunsa. Amma mai karɓar kuɗin jama'a ba littafi ba shaida, ko bai ci ba wata rana sai an ce ya ci. A sa liman da mai unguwa su riƙa sanin abin da ya shigo da wanda aka ba, a rubuta. Kariya ce gare shi kafin kowa, da wannan fuskar kuma za a kai masa maganar. Ya sani kuma sunan da aka yi a waya ba ya cika rumbu. A 2022 BBC ta bi diddigin iyalan da suke bara ta laif ɗin TikTok a sansanonin gudun hijira na Siriya, ta gano kamfanin yana riƙe har kashi 70 cikin 100 na kyautar da aka tura musu. Idan kaka ta yi, kafin riɗi ya tafi kasuwa, a ware geron shekara da kuɗin asibiti. Ke ma kada ki naɗe hannu. Ko ƙuli-ƙuli ne, ko kiwon awaki, ko adashe, ki sami abin da idan yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare za ki hau mashin ba tare da jiran kowa ba. Ciyarwa dai tana nan a wuyansa ko kina da dukiya.

Da wuya maganarki kaɗai ta isa, don ya riga ya sa ki a layin maƙiya. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta nuna hanya: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Ɗaya da ɗaya, ba taron dangi ba. Mutumin da ya rataya ransa a kan yadda ake kallonsa, idan aka kunyata shi a gaban jama'a fita zai yi ya hau laif ya ce an haɗe masa kai. Ki duba wa yake jin nauyi, baffansa ne ko malamin da ya koya masa karatu yana yaro, wanda ba ya cikin 'yan amshin shatansa kuma ba ya cin komai a hannunsa. Yayanki ya same shi, ya nuna masa bidiyon asibitin, ya ba shi labarin tsohuwar. Dattijon da ya ji an sa sa'arsa ta durƙusa sau uku ya san abin da zai faɗa. Ranar zama a bar waya a waje.

Surukarki kuma kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Uwa ce da ta ga ana ambaton ɗanta har a birni, idan kika je mata da ɗanki ya lalace kin rasa ta. Ki bi ta ƙofar jikokinta. Ki ce, "Inna, hoton yarinyar nan tana kwance yana yawo a duniya, ina tsoron baki." Da wuya tsohuwa ta ji wannan ta yi shiru. Tsoron kuma yana da tushe: bidiyon yana nuna fuskar yara da ƙofar gida, yana shelar cewa kuɗi suna shigowa, a zamanin da ake satar mutane don kuɗin fansa. A nemi ya sauke bidiyon yarinyar da hannunsa. Idan ya ƙi, TikTok yana da wurin kai ƙorafi, ƙanwarki za ta nuna miki.

Mai yiwuwa gaba ta ƙaru da farko. Ki ci gaba da gaishe shi, ki ajiye masa abincinsa, ya ci ko ya bari, amma kada ki ba da haƙuri a kan laifin da ba ki yi ba don kawai a yi magana, don duk ranar da kika yi haka kin koya masa cewa gaba tana biya. Mai yiwuwa kuma ya juyo da zaƙi, ya sayo miki atamfa, ya so ya ɗauki bidiyo yana ba ki don duniya ta san yana girmama iyali. Ki karɓi atamfar ki yi godiya, ki ƙi bidiyon, a nan za ki gane inda aka kwana. Ki ba shi lokaci, misali daga yanzu zuwa kaka, kina duba aikinsa. Cefane yana zuwa? An daina habaici? An daina ɗaukar yara? Duk wanda ya yi ki yaba masa da gaske, har a gaban mahaifiyarsa. Mutumin nan yana ƙishirwar a ce ya yi, ba laifi ba ne matarsa ta faɗa masa idan ya yi ɗin. Yabon ƙarya don a zauna lafiya ne ban yarda ki yi ba. Masu sulhu kuma su nuna masa ba raba shi da shafinsa aka zo yi ba. Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, kasuwar Maigatari tana ci duk Alhamis, matasa suna son sanin lokacin shuka da yadda ake shanya zoɓo da farashin buhu, ilimi ne da yake hannunsa. Taimakon ma ana iya nuna buhunan da aka saya da rasit ba tare da fuskar mai karɓa ba. Mai yiwuwa mabiya su ragu, yadda zai ɗauki raguwar kuma zai gaya miki abubuwa da yawa.

Idan ya yi alkawari a gaban manya ya karya, ya sake karyawa, ko ya mayar da zaman sulhun kansa abin ɗorawa, kin fita haƙƙinsa, sai a matsa gaba. Hisbah tana sulhunta ma'aurata, bayan ita akwai kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, mace tana da damar kai ƙarar rashin ciyarwa, tana kuma da damar neman a raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, zagi da tozartawa kuwa suna cikin cutarwa. Saboda haka ƙanwarki ta sauke bidiyoyin ta adana tare da takardun asibiti, ajiya ce ta ranar buƙata, ba ta yaɗawa ba. Idan ranki ya cika kina son ki je gida ki huta, kada ki fita da dare cikin fushi. Yajin da aka yi a fusace biko kawai yake jawowa, a ba da haƙuri a koma gidan jiya. Waliyyinki ya zo ya ɗauke ki da sanin manyansa, a faɗi dalili, a faɗi abin da za a gyara kafin ki koma. Amma idan ya ɗaga miki hannu, ko ya yi barazanar sakin hotonki ko muryarki, wannan ba a jiran kaka, ki tafi gida da yaranki a ranar, a sanar da hukuma.

Kada ki kulle kanki a ɗaki saboda kallon da ake yi miki a gidan biki. Matan garinku sun san wadda ta kwana a asibiti, na nesa ne ake ruɗa da bidiyo. Ki ci gaba da zuwa Islamiyya da barka da gaisuwa, ki zaɓi mace ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa faɗa wa abin da ke ranki. Idan barci ya ƙaurace miki ko abinci ya fita ranki har makonni, ki gaya wa ma'aikaciyar asibitinku, damuwa ma ana maganinta. A makon nan ki canza lambar sirrin akawun, ki kira yayanki ku zaɓi dattijon da za a samu. Bayan zaman ki rubuto mini abin da maigidan ya ce da abin da ya aikata, mu duba abin da ya dace a yi gaba. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya muku zuri'a.